Babu Wannan Suna a Wayarki

Matameye, farkon damina.

Zuwa ga ƙanena, autanmu Fahad, a Tunis.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan karatunka. Yaya karatu, yaya zaman baƙunta, yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya Inusa, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ruwa ya sauka, an yi shuka, hatsi ya fito da kyau a gonakin hanyar Kurni. Kawu Sa'adu ya turo ƴaƴansa sun shuka gonar Yaya, ya kuma ce noman bana a wuyansa yake, Allah ya saka masa da alheri. Najaha matar Yaya tana nan cikin takaba a ɗakinta, ta rame ƙwarai, amma ta fara cin abinci, yaranta kuma suna zuwa makaranta. Inna kuwa, maganarta ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannu daga wurina, alhali kusan kullum muna waya. Ka san tun da idon Inna ya tafi kunnenta ya ƙara kaifi, ko a bayan gida na tsaya ina raɗa sai ta ce da wa nake magana. Ban da haka ma, ni yanzu ba na son in faɗa wa waya abin da ke cikin raina da bakina. Shi ya sa na zauna a lakwal, makarantar da nake koyarwa, bayan an tashi yara, na rubuta maka wannan, zan ɗauki hotonta in turo. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta, kada ka karanta ta a tsaye kana sauri kamar yadda ka saba cin tuwo.

Ka daɗe kana matsa min in tattaro maka saƙonnin murya da Yaya ya taɓa turo wa Najaha da ni, bokal ɗin nan da yake yi da safe kafin ya fita aiki. Ka ce kai da abokanka za ku iya koya wa na'ura muryarsa, har wayar Inna ta riƙa magana da ita, ta gaya mata lokacin salla, ta karanta mata saƙo, in ta yi gaisuwa ta amsa. Ka ce hakan zai rage mata kewa. Ni kuma ina ta yi maka hanya-hanya, yau in ce babu rezo waya ba ta kamawa, gobe in ce Najaha ba ta da sukuni. Yanzu zan gaya maka dalili. An sanar da kai rasuwar Yaya, amma ba a gaya maka abin da ya faru a gidan nan ranar da ya rasu ba, kuma ba zai yiwu ka yanke shawara a kan muryarsa ba tare da ka sani ba.

Ka tuna bakans ɗin bara, babban hutun makaranta, da ka zo wa Inna da wayar nan mai jin magana. Ba zan rage maka komai ba, ka yi abin kirki. Tun da likitocin Damagaram suka ce jijiyar idonta ta mutu, Inna ta koma sai ta roƙi wani ya danna mata lamba, ya kuma tsaya a kanta har ta gama, ga ta mace ce da ta tsani roƙo. Rana ɗaya ka ba ta abin da za ta ce wa kira wane, ya kira. Muryar macen da ke ciki Inna ta sa mata suna Ƴar Kano, don in Inna ta ce mata lahiya sai ta ce ba ta gane ba, har sai da Inna ta koyi cewa lafiya tana murguɗa baki. Ta riƙa tambayarta lokaci ko ba ta da buƙata, ta riƙa kiran Kawu Sa'adu har ya ce shi kam an hana shi noma. Na daɗe ban ga Inna tana dariya irin ta kwanakin nan ba.

Ka kuma tuna ranar da muka zauna a gindin dogon yaro kana gwada mata sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ka ce ta kira Hauwa maƙwabciyarmu, ta faɗa, Ƴar Kano ta ce babu wannan suna. Ka duba ka kwashe da dariya, ka ce ai yadda aka koya mana a lakwal ka rubuta, Haoua, ita kuwa na'urar rubutun Hausa kaɗai ta sani. Ka goge ka gyara, Inna ta sake faɗa, ta kama. Haka aka yi da Kawu Sa'adu da ka rubuta Saadou. Duk sunan da Inna ta furta ya ƙi, kana gyara shi nan take. Da muka zo kan na Yaya, Inna ta ja mayafi ta ce, "Wuce wannan." Ka yi wata magana da Faransanci a kan mutanen zamanin da, na mintsine ka, ka wuce. Sunan ya zauna yadda yake a kartinsa na ɗan ƙasa, Inoussa, babu wanda ya gwada shi.

Kai auta ne, ka tashi ka tarar da abin, ba na jin ka taɓa tsayawa ka dube shi. Yaya ɗan fari ne, kuma sunan kakanmu ya ci, wato surukin Inna. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tun ranar da aka raɗa masa shi bakinta bai taɓa furta shi ba. Da aka yaye shi aka kai shi Kurni wurin kaka, a can ya girma. Bayan ya dawo gida ya yi aure ma, in ya zo gaishe ta bango take fuskanta ta amsa a taƙaice, in za ta ambace shi sai ta ce wancan. Amma fura mafi kyau a ƙwaryarsa take ƙarewa, wai ragowa ce kada ta lalace. To ka duba gidan gaba ɗaya: Najaha matarsa ce, ba ta faɗin sunan miji, ni da kai Yaya muke cewa, ƴaƴansa Baba. Gida guda babu bakin da ke kiran sunan nan. In ya kira Inna, sai Ƴar Kano ta ɗaga murya tsakar gida ta ce Ino-ussa yana kira, mu yi ta dariya. Shi kansa da ya ji ya ce an yi masa sunan Turawa da tsufansa. Inna kuwa in da mutane a kusa ba ta ɗauka, sai ta miƙa wa wanda ke gefenta ta ce a ji ko lahiya.

Bayan ka koma, da aka gama kaka, Yaya ya fara shirin tafiya ci-rani Abuja, aikin gini kamar kowace shekara. Inna ba ta so. Ba za ta iya ce masa ka zauna kusa da ni ba na gani ba, don haka sai ta aike ni in gaya masa ruwa ya ci katangar gabas, ya kamata a gyara. Ya ce in ya dawo zai gyara. Ta sake aike ni cewa rufin ɗakin baya yana yoyo. Ya ce ai damina ta wuce, kafin ta dawo ya dawo. Ni na gane abin da take nufi, shi ma na tabbata ya gane, amma ga yara, ga hatsin da ba zai kai su shekara ba. Safiyar tafiyarsa ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta ya yi sallama. Ta ci gaba da jan tasbaha ba ta ce uffan ba. Ya daɗe a durƙushe, har direba ya aiko daga tasha cewa mota ta cika. A gidanmu shirun Inna ba baƙon abu ba ne, amma kullum in zai tafi takan ce wa bango Allah shi kiyaye hanya. Ranar ko wannan bai samu ba.

Cikin bazara Munkaila ya kira maigidana. Ka san shi, mutumin Dawce ne, ɗaki ɗaya suke kwana da Yaya a can. Ya ce katakon da suke takawa a saman gini ya karye, Yaya ya faɗo, an kai shi asibiti, bayansa ya taɓu kuma jini yana zuba ta ciki. Kafin in isa gidanmu labari ya riga ni, ɗakin Inna ya cika da mata, ƴan'uwa da maƙwabta, kowa da abin da take faɗa. A nan Munkaila ya sake kira ya ce Yaya yana son jin Inna. Na kara mata wayata a kunne, amma ɗakin ya yi tsit, kowa yana jin muryarsa. Fahad, da ƙyar take fita. Ya ce, "Inna, na tahi ba ki sallame ni ba. Ki yahe mani." Sai ta kama hannuna ta janye wayar daga kunnenta, ta juya wajena ta ce, "Ki ce mashi Allah shi ba shi lahiya." Matan nan suka hau gyaɗa kai, wata tsohuwa ta ambaci Inna da sunanta ta ce kai, Shekara akwai kawaici, irinsu sun ƙare. Wallahi da ina da iko da na kore su da tsintsiya. Babu wadda ta yi tunanin ta tashi ta ba su wuri.

Washegari ranar kasuwa ce, unguwa ta watse. Inna ta aiki Najaha gidan iyayenta da yaran, wai ta je ta sanar da su a taya da addu'a. Ni na taso daga lakwal da rana tsaka na biyo in duba ta. Ina shiga zaure na ji muryarta a ɗaki, ƙasa-ƙasa, sai na tsaya. Ta ce, "Kira mani wancan." Ƴar Kano ta ce ba ta gane ba, a sake faɗa. Ta ce, "Kira Abuja." Ta ce babu wannan suna. Ta ce kira babban gida, ta ce kira ɗan ci-rani, duk amsa ɗaya. Har lallashinta ta yi, kamar tana magana da ƴar mutane, ta ce haba ƴar nan, ke ma kin san wanda nike nuhi. Can sai ta ce, "Kira yayan Rahama." Na'urar ta tsinci sunana a ciki, ta ce tana kiran Rahama, sai ga wayata tana kuka a cikin jakata, a bakin ƙofar. Inna ta tura tata ƙarƙashin matashi da sauri. Da na shiga na ce Inna bari in kira miki shi, ta ce wa ya ce maki wani nike nema, lokaci nike tambaya.

Ban biye mata ba. Na ɗauko wayar na danna lambarsa da hannuna, da niyyar in ba ta in fita. Munkaila ya ɗauka, ya ce an yi wa Yaya allura ya samu barci, likita ya ce kada a tashe shi, a bari sai bayan la'asar. Na gaya wa Inna. Na ce zan koma lakwal, yara suna jarrabawa, da na taso zan zo in danna mata in ja ƙofa in fita tsakar gida, babu mai jin abin da za ta ce. Na mayar mata da wayar hannunta na tafi. Kafin in taso maigidana ya zo har bakin aji ya tsaya, da na ga fuskarsa na san Yaya ya rasu.

Abin da ya faru tsakanin fitata da la'asar, daga bakin mutum biyu na ji shi, kuma ba a lokacin ba. Munkaila ne na farko, ranar da ya kawo kayan Yaya bayan an binne shi a can. Ya ja ni gefe ya ce bayan azahar Yaya ya farka garau, har ya nemi ruwa. Ya tambaya ko an kira daga gida. Munkaila ya ce masa an kira da wayar Inna yana barci, za a sake kira, ko kuwa shi ya kira masa yanzu? Yaya ya ce a'a, in aka kira wayar Inna za ta yi shelar sunansa, in da mutane kusa ba za ta ɗauka ba, a bar ta ta kira da kanta lokacin da ta samu sarari. Ya karɓi wayarsa ya ɗora a ƙirji ya riƙe da hannu biyu. Munkaila ya ce in wani a ɗakin wayarsa ta yi ƙara sai Yaya ya buɗe ido. A haka numfashinsa ya fara sama-sama, aka kira likita. Ya ce da hannunsa ya zare wayar daga yatsun Yaya.

Ta biyu Hauwa ce, ita kuwa sai bayan sadakar arba'in ta iya buɗe baki. Ciwon ƙafa ya hana ta zuwa kasuwa ranar, tana kwance a jikin katangar da ta raba mu. Ta ce bayan fitata da ɗan jimawa, sai ta ji Inna ta yi bisimilla, ta faɗi sunan. A hankali ta fara, kamar mai tsoron kada iska ta ji. Ƴar Kano ta ce, "Babu wannan suna a wayarki." Ta sake faɗa, ta rarrabe shi gaɓa-gaɓa. Amsa ɗaya. Ta ce Yunusa, ko shi ne daidai, ta haɗa da sunan Baba, ta dawo ta ce Inusa, muryarta tana ƙara tashi, har ta kai tana kiran sunan da ƙarfi kamar yana bakin zaure. Na tambayi Hauwa me ya hana ta ƙwala mata magana, ko ta rarrafo ta shigo. Ta fashe da kuka ta ce, Rahama, ta yaya zan bari Shekara ta san na ji? Ta ce ji ta yi kamar ta leƙa ta gan ta ba zane, sai ta toshe kunnenta da matashi. Na so in yi fushi da ita, na kasa. Ni ma da na ji Inna a zaure ai tsayawa na yi.

A zaman makoki Inna ba ta zubar da hawaye gaban kowa ba. Masu zuwa gaisuwa suna ta yaba mata, ita kuwa amin kawai take cewa. Bayan an watse ta daina taɓa wayar, ko lokaci ba ta tambaya. Abinci sai a kai a ɗauke yadda yake. Ta bushe, Fahad, zobenta ya riƙa zamewa daga yatsa. Mun kai ta asibiti aka ce ba a ga komai ba. Wata ranar hutu ina yi mata kitso, sai ta ce, "Rahama, ashe uwa tana iya mance yadda ake hwaɗin sunan ɗanta?" Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce ita ta kira shi ranar, amma bakinta bai iya ba. Ta ce Ƴar Kano tana gane sunan kowa in ta faɗa, wannan kaɗai ta ƙi, to ba shakka harshenta ne ya karkace don bai taɓa ɗaukar sunan ba, ko kuwa Allah ne ya riƙe shi saboda ta hana yaron sallama. Ashe abin da ke cinta ke nan tun ranar, ita kaɗai.

Na bar kitson a rabi, na ɗauki wayar na zaga bayan ɗaki. Na faɗi sunan da bakina, tsirara babu Yaya a gabansa, abin da ban taɓa yi ba. Ta ce babu wannan suna. Na buɗe sunayen na duba, na ga Inoussa yana kallona. Na zauna a ƙasa. Na goge, na rubuta shi da Hausa, na sake faɗa, nan take ta ce, "Ina kiran Inusa." Na koma na durƙusa gaban Inna na yi mata bayani dalla-dalla, na tuna mata ranar Hauwa da Kawu Sa'adu, na ce ko limamin gari ne ya faɗi sunan nan ranar ba za ta kama ba, rubutun ne ba irin wanda ta sani ba. Sai ta ce, "Ashe ba bakina ba ne." Ranar na fara ganin hawayen Inna a kan Yaya. Da ta natsu ta kama hannuna ta ce kada in hwaɗa ma auta, shi alheri ya yi niyya.

Ga shi na saɓa mata, Allah ya yafe min. Ban gaya maka don in ɗora maka komai ba, ka ji ni da kyau. Yadda aka koya maka ka rubuta, ni ma malama ce, kullum haka nake rubuta sunayen yara a aji, kuma ina zaune a wurin, mun yi ta dariyar Ino-ussa wata da watanni ban taɓa kawo komai a raina ba. Kwanan Yaya ne ya ƙare, ko ta same shi ba za ta ƙara masa ko numfashi ɗaya ba. Amma kalma ɗaya yake jira, ita ma kalmar tana bakinta, kuma wannan yana ƙona min rai har yau, ba zan ɓoye maka ba. Tunda wannan aikin ka zaɓa, ka gaya wa abokanka su riƙa tambayar tsohuwa yadda take kiran mutum kafin su rubuta mata shi. Da "wancan" aka sa masa a wayar nan, da tuni ta kira shi tun kafin ma ya faɗo.

Yanzu ga halin da ake ciki. Tun daga ranar Inna ta koma ga wayarta. In rana ta take, gida ya yi shiru, sai ta ja ƙofa ta faɗi sunan, sarai, ba rawar murya. Ƴar Kano ta ce tana kira. Wayar Yaya tana kashe a akwatin Najaha, saboda haka sai a ce ba a samun mai wannan lamba, layin ya yanke. Inna ba ta sauke ta daga kunne. Sai ta hau magana. Sau ɗaya na yi katari na ji kaɗan kafin in ja da baya: tana gaya masa katangar gabas ta faɗi da ruwan farko, ta ce da ma ba katangar ce ta dame ta ba. Tana ba shi labarin yadda take ƙirƙiro dalilin zuwa Kurni yana ƙarami, ta laɓe bayan rumbu tana kallonsa yana wasa, ta dawo gida ba ta taɓa shi ba. Ban taɓa jin wannan labari ba, kai ma na san ba ka taɓa ji ba. Najaha ta ce kullum haka ne, har ta koyi kwashe yara ta shige ɗaki in lokacin ya yi.

Ban san ko lafiya ce wannan ko wani ciwon ne ba, kuma ina jin tsoro. Abin da na sani ta fara cin abinci, in ta gama takan nemi fura da kanta. Kawu Sa'adu ya so a karɓe wayar, ya ce mamaci addu'a yake buƙata. Inna ta ce masa tana yi masa addu'a a kowace salla, kuma ta san sarai ba ya jin ta, hankalinta bai taɓu ba. Da ya matsa, ta ce shi fa ƙaninta ne, ya kiyaye. Bai sake tayar da maganar ba.

Na yi ta juya shawararka a raina, wani lokaci in ga kamar rahama ce, wani lokaci tsigar jikina ta tashi in na tuna muryar Yaya tana fitowa daga ɗakin nan tana faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Na tambayi Najaha, ta ce ita ba za ta iya zama a gidan ba in aka yi haka, amma in Inna tana so ba za ta hana saƙonnin ba. Da na ga abin ya fi ƙarfina sai na kai wa mai shi. Na yi wa Inna bayani yadda ka yi min, ban ƙara ba ban rage ba. Ta tambaya ko muryar za ta zama tasa sak, na ce ka ce ko Najaha ba za ta bambance ba. Ta tambaya in ta yi magana zai amsa, na ce zai amsa. Ta ce to shi ne zai ji ta? Na ce a'a Inna, na'ura ce. Ta ce in ba ta lokaci. Jiya da na je yi mata sallama na ce zan rubuta maka takarda, ta ba ni amsa, zan sa maka ita a ƙarshe yadda ta faɗe ta.

Maigidana yana gaishe ka, ya ce ka dage da karatu kada wannan ya karya maka gwiwa. Ƴaƴana Fadila da Salim suna gaida Kawunsu. Najaha tana gaishe ka tana yi maka godiya da addu'o'in da kake turowa. Kawu Sa'adu da mutanen Kurni duk suna gaisuwa, haka Hauwa, haka Munkaila, wanda bai koma Abuja ba, yana Dawce yana noma. Ka gaida duk ƴan ƙasarmu da kuke tare. In ka karanta wannan ka ji kana son kuka, ka yi abinka, amma kada ka kira Inna da muryar kuka, za ta gane na faɗa maka.

Inna tana gaishe ka, kuma ga saƙonta: "Ki ce ma auta na gode, Allah shi yi mashi albarka. Amma shi bar mani wayata yadda take. Tun da na haihe shi, in ya yi magana sai in sunkuyar da kai. Yanzu da ya yi shiru ne na samu bakin yi mashi magana. In aka sa ya amsa, kunya za ta dawo, ni kuwa ban gama ba."

Wassalam. Ni ce yayarka,
Rahama.